Cajin Zuwa Kawai

Auta ta karya kan motar ta shiga filin da ke bayan gidan waya, sai ta taka burki. Wata farar mota ce tsaye a gaban na'urar cajin, kebul a maƙale a gefenta, babu kowa a ciki.

"Mun iso?" in ji Baba daga kujerar gefe.

"Mun iso. Amma wani ya riga mu."

"To, madalla," ya ce. Da ya ji ta yi shiru sai ya gyara, "Ina nufin Allah ya sa ya gama da wuri."

Ta kashe motar ta fito. Shekarunta sun haura arba'in, tana da 'ya'ya uku da teburinta a ofishin hukumar ruwa, amma har yau Auta ake ce mata, a gida da wajen aiki. Yau ta ɗauki hutu ne don ta kai mahaifinta babban asibitin birni a cire masa yanar ido. Karo na uku ke nan da aka ba su rana. Na farko Baba ya ce mura yake yi. Na biyu ya ce akwai ɗinkin da ya yi alkawari, ya kulle kansa a shago, domin shi tela ne, kuma duk da tsufa bai yarda ya ajiye keken ba. A wannan karon ma'aikaciyar asibitin ta faɗa wa Auta a waya cewa idan ba su zo kafin ƙarfe biyu ba za a ba wani gurbin, su kuma su koma ƙarshen layi.

A gida take cajin motar kullum. Amma tun jiya da rana taransfomar unguwarsu ta ƙone, maigidanta kuma ya yi tafiya da ɗaya motar. Abin da ya rage a batirin bai fi ya kai su bakin gari ya dawo ba.

Wannan na'urar ita kaɗai ce a garin. Bara aka kafa ta, aka yi mata rumfa da fenti kore, aka zo da masu hoto. Kebul biyu ne da ita. Ɗayan ya mutu tun da damina, wani ya naɗe kansa da baƙar leda ya ɗaure, har ledar ta koɗe.

Auta ta leƙa allon na'urar. Farar motar ta cika tun ɗazu. Ta kama kan kebul ɗin ta ja.

"Kada ki wahalar da kanki, Hajiya. A kulle yake."

Ta waiga. A inuwar katanga akwai wata motar kai saƙo, ita ma ta lantarki, direbanta na zaune ya buɗe ƙofa ya zubo ƙafafu waje, yana cin biskit.

"Sai mai ita ta buɗe da makulli sannan zai fita," ya ce. "Ni ma na ja, har na yi bismilla na sake ja. Tun safe nake nan. Kayan mutane cike da mota, sai kira suke."

"Ka ce mai ita? Mace ce?"

"Maigadi ne ya ce. Ni ban gan ta ba. In na bar motar nan na tafi nema, wani ya zo ya shiga gabana. Haka aka yi mini wancan makon."

Ta gaya masa inda za su da abin da ya sa. Ya miƙe ya je ya durƙusa a jikin tagar ya gaida Baba, ya yi masa ya jiki. Baba ya ce ai shi lafiyarsa ƙalau, yaran zamani ne da son asibiti. Direban ya dawo yana karkaɗe hannu.

"Ga yadda za mu yi," ya ce. "Ki je ki nemo ta, ni in zauna da Baba. In kin samo ta, ke ce gaba. Fakiti ba ya makancewa."

Wayarta ta yi ƙara tana tsallaka titi. Yayanta ne, babban wansu, wanda ke zaune a wata ƙasa kuma yake da shawara a kan komai.

"Kun kama hanya?"

"Muna wajen caji, Yaya."

"Caji? Yanzu? Ai sai da na gaya wa mijinki, mota ba waya ba ce. Da mai take sha da yanzu kun yi rabin hanya."

"Gidan mai ma an sha rufe shi, Yaya."

"To ki ɗauki shata mana."

"Zan duba."

Ta duba ɗin. Tashar mota na kan hanyarta. Bas ɗin safe ya tafi, na gaba sai yamma. Ƙaramar mota ɗaya ce a layi, an ɗage bonet, direban da makanike sun tura kawunansu ciki. Da ta tambaya, direban ya ce yanzu-yanzu za a gama, makaniken kuma ya girgiza mata kai daga bayansa.

Maigadin gidan waya ya ce dattijuwa ce, da tabarau da jakar takardu, ta yi wajen kasuwa. Auta ta shiga kantin magani, suka ce dattijai da tabarau ai su ne cinikinsu, wacce daga ciki? Ta shiga banki, ta bi layi da ido, ta tambayi mata biyu ko su ne masu farar mota. Ɗayar ta yi dariya ta ce Allah ya amsa bakinta. A shagon gyaran waya ne mai shagon, bai ko ɗago daga abin da yake kwancewa ba, ya ce, "Jakar takardu? Je ki ɗakin taro. Yau ake tantance 'yan fansho."

Ɗakin taron a cike yake. An jera kujerun roba, tsofaffi maza da mata na zaune, kowa da fayil a cinya. Can gaba akwai teburi ɗaya da ma'aikata biyu da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Duk wanda aka gama da shi sai layin gaba ɗaya ya tashi ya matsa kujera ɗaya. Fankoki na juyawa a sama ba tare da iskar ta iso ƙasa ba.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ba wanda ya ji. Ta ɗaga murya irin yadda take yi wa yaranta.

"Don Allah, iyayena, wa ke da farar mota a wajen caji?"

Kawuna suka juyo. A tsakiyar layi wata mata ta ɗaga hannu, a miƙe, kamar mai kiran ɗalibi.

"Ni ce. An buge ta ne?"

Auta ta ratsa tsakanin gwiwoyi tana ba da haƙuri har ta isa, ta rusuna.

"Ina kwana, Mama. Ba a buge ta ba. Ta cika ne tun ɗazu, mu kuma muna jira."

"Ta cika?" Matar ta sauke tabarau ta dube ta ta samansa. "Ɗana ya ce mini sai ta yi rabin yini. Shi ya saya mini ita, ya ce in daina shaƙar hayaƙi. Ni da na yi shekara talatin ina shaƙar alli."

Auta ta yi mata bayani a gajarce: mahaifinta, idonsa, ƙarfe biyu. Matar ta saurara, ta dubi teburin gaba, ta dubi bayanta inda layin ya kai har waje.

"'Yata, kin ga nan? In na tashi daga kujerar nan, wallahi kafin in kai ƙofa an zauna. Kuma mutanen nan in sun tattara na'urarsu sai wata shekarar. Bara ban zo ba ina kwance, suka rubuta na mutu. Sai da na zo da kaina na yi musu gardama."

"Gaskiya ne," in ji wani tsoho a gefenta. "Ni ma sun taɓa kashe ni."

Auta ta tsaya a rusune, hannunta a kan kujerar. Matar ta ƙara dubanta, sannan ta buɗe jaka ta lalubo makulli.

"'Yar wa ce ke?"

"'Yar tela, na layin bayan kasuwa."

"Dogon nan mai faɗa a kan awo? Shi ya ɗinka wa makarantata yunifom shekara da shekaru. Karɓi. Ki matsar da ita inuwa, kada ki taɓa mini madubi, na sha wuya kafin in daidaita shi. Ki dawo mini da makullina."

"Na gode, Mama. Allah ya saka da alheri."

"Yi sauri, godiyar ta jira."

Ta koma da sassarfa. Rana ta ɗaga sosai, simintin filin sai ƙyalli yake. Ta hango Baba ya fito daga mota yana tsaye a jikin ƙofa da sandarsa, direban kuma ya koma cikin tasa motar yana amsa waya. Ba ta tsaya wajensu ba. Ta wuce kai tsaye ta danna makullin, farar motar ta yi ƙara ta ƙifta fitilu. Ta kama kebul ɗin, wannan karon ya zare ba gardama.

Ta ji takun sanda a bayanta.

"Salamu alaikum, Hajiya. Sannu da zuwa."

Ta juya. Baba ne, bai fi taku biyu tsakaninsu ba. Ya kare goshinsa da tafin hannu, yana dubanta sosai, da irin murmushin da yake yi wa baƙin da suka kawo ɗinki.

"Ke ce mai motar ko? To don Allah kada ki ta da hankalinki. In ba ki gama uzurinki ba, ki mayar da abin nan ki koma ki gama. Mu ba sauri muke ba."

Auta ta tsaya cak. Kebul ɗin na hannunta, da nauyi.

Ya matso kaɗan, ya rage murya.

"'Yata ce ta tafi nemanki. Yarinyar kirki ce, sai dai in ta sa abu a gaba ba ta ji. Asibiti za ta kai ni, wai a yanka mini ido. Ni kuwa, Hajiya, tsakanina da ke, mahaifiyarta da ƙafarta ta shiga asibitin nan. Ƙaramin aiki suka ce. Ni na riƙe mata jaka. Da jakar na dawo." Ya gyara riƙon sandar. "Ko awa ɗaya kika ƙara, kin taimake ni. Ba sai ta san mun yi magana ba."

Direban ya gama wayarsa. Ya dube su, ya fahimci abin da ke faruwa, sai ya sunkuyar da kai yana latsa wayar da ba kowa a kanta.

"Baba," in ji Auta. "Ni ce."

Murmushin bai tafi nan take ba. Ya ɗan tsaya a fuskarsa, sannan ya sauke hannun daga goshi. Ya dubi inda muryar ta fito, ya dubi ƙasa.

"Rana ce," ya ce. "Ta haske mini ido."

"Na sani, Baba."

"Kuma ƙarar motar ce ta ruɗe ni."

"Na sani."

Ya juya ya lalubi ƙofar motarsu ya shiga ya zauna. Auta ta rataye kebul ɗin, ta shiga farar motar, ta ja ta zuwa inuwar katanga ba tare da ta taɓa madubi ba. Ta kashe ta. Ta zauna kaɗan tana kallon sitiyari. A gida Baba ya san inda komai yake. Yana gane jikokinsa tun daga ƙofa, yana kiran kowa da sunansa, amma yanzu da ta tuna, kullum sai sun yi magana yake kira. Ita kuma tana zuwa kullum da yamma, da sallamarta tun daga zaure.

Ta fito ta matsar da tasu motar, ta jona kebul. Na'urar ta yi ɗan gurnani, fitila ta koma shuɗiya, lambar da ke allon ta fara motsi.

Ta mayar da makullin. Matar ta matsa gaba da kujeru huɗu ko biyar.

"Kin jona?"

"Na jona, Mama."

"To me ya sami fuskarki?"

"Ba komai. Rana ce."

"Hm," in ji matar. Ta jefa makullin a jaka. "Ki gaida tela. Ki ce masa ni ma an yi mini aikin idon, duka biyun. Abin da ya fi ba ni haushi bayan an gama, sai na ga ashe gidana duk datti ne, ba wanda ya gaya mini."

Da ta koma ta tarar da direban tsaye a gaban allon, hannu a ƙugu.

"Hajiya, akwai magana. Yau a hankali take bayarwa. Haka take yi in rana ta yi zafi." Ya nuna lambar. "In kina son cajin zuwa da dawowa, sai kin wuce lokacinki. In na zuwa ne kawai, nan da ɗan jimawa za ki iya cirewa. Amma ki kashe sanyin mota, kuma kada ki yi gudu."

"A can fa? Akwai wajen caji kusa da asibitin?"

"Akwai guda biyu da na sani. Ɗaya a wani babban kanti, ɗaya a bayan wani otal. Wani lokaci suna aiki." Ya ɗaga kafaɗa. "Ba zan yi miki rantsuwa ba."

Ta shiga mota ta zauna, ta bar ƙofa a buɗe. Baba na kallon gaba, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Wata motar ta shigo filin, mai ita ya leƙo ya ga layi, ya yi tsaki ya juya. Wayar Auta ta yi ƙara, Yaya ne kuma. Ta kife ta a cinya.

"Tun yaushe, Baba?"

Ya juya sandar a hannunsa.

"Na hagun ya daɗe. Na daman kuma tun bayan damina. Ina ganin mutum, kamar yana tsaye a bayan labule."

"Ba ka faɗa ba."

"In na faɗa ai ga abin da za ki yi."

Ta kusa yin dariya, ba ta yi ba.

"Aikin Umma daban ne," ta ce. "Nata ciwon ciki ne, kuma an makara. Wannan ko barci ba za su sa ka ba. Ina nan a bakin ƙofa har a gama." Ta juyo ta dube shi. "Amma ba zan ɗauke ka da ƙarfi ba. In ka ce mu koma gida, sai in bar ta ta cika, mu koma gida. Ni zan gaya wa Yaya."

"Shi wannan bar shi. Da baki yake tuƙi."

Ta gaya masa saƙon matar, har da maganar datti. Ya tambayi wace ce, da ta kwatanta sai ya ce, "Shugabar makaranta? Tana nan da rai? Wannan ai ta fi ni faɗa." Lambar allon na hawa ɗaya bayan ɗaya. Direban ya zagaya motarsa, ya daki taya da ƙafa, ya dawo.

Can Baba ya miƙa hannu ya dafa hannunta, kamar mai son tabbatar da tana nan. Yatsunsa suka sauka a kan hannun rigarta. Sai suka fara bin ɗinkin da kansu, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, suka hau kafaɗa, suka tsaya. Ya murza wajen, ya sake murzawa.

"Wa ya ɗinka miki wannan?"

Ya ja kafaɗar rigar, ya ci gaba.

"Kafaɗar ta karkace. Ga tattara a nan, ga zare ya tsallake. Wannan ko ɗan koyo ba zai miƙa wa mutum ita ba. Kuɗi kika biya aka yi miki wannan? Wane ne?"

"Kai ne, Baba. Watan jiya."

Hannunsa ya tsaya a kan kafaɗar. Ya sake bin ɗinkin a hankali, tun daga sama har ƙasa, sannan ya janye hannun ya ɗora a kan sandarsa.

"Kuma kika sa, kika shiga cikin mutane."

"Na sa."

"Har ofis?"

"Har ofis."

Ya ja numfashi ya sauke.

"Yaron nan ya ce na zuwa ya samu?"

Ta leƙa allon. "Ya samu. Da ƙyar dai. Na dawowa ne babu."

"Cire abin nan mu tafi."

"In mun je can ba mu sami caji ba fa?"

"Sai mu kwana. Cire, kin tsare wa bawan Allah layi."

Ta fito ta danna, ta zare kebul ɗin ta miƙa wa direban. Ya karɓa da hannu biyu, ya leƙa ta taga ya ce, "Allah ya sa a yi a sa'a, Baba." Baba ya ɗaga masa hannu, ɗan gefe da inda yake tsaye.

Auta ta kashe sanyin motar, ta sauke gilasai, ta fita daga filin ta hau babban titi a hankali. Sun wuce kasuwa, sun wuce tasha inda bonet ɗin nan ke nan a ɗage, sannan Baba ya yi magana, yana lalubar bel ɗinsa.

"In mun dawo ki kawo mini rigar nan in farke ta. Kuma kada ki gaya wa kowa ni na yi."